Yadda zaka ɗaure zuma, man shanu da turare a akwatin jirgi basu yi maka ɓarna ba

Ranar da na buɗe akwatina a ɗakin ƙanina a Alƙahira naga farar shaddata ta koma ruwan ƙasa tun daga wuya har aljihu, na daɗe a tsugune ban ce uffan ba. Zuma ce. Hajiyarmu ce ta bani ita a gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi tace a kai wa autanta tunda yana fama da tari lokacin sanyi, ni kuma na jefa ta a baƙar leda biyu na ƙulle na cusa a gefen akwati nace ai shikenan. Kuma gorar bata fashe ba fa, ko tsagewa bata yi ba, murfin ne kawai ya ɗan saki, amma kusan rabin zumar ta bi kaya, har cikin takalmi, har cikin haƙoran zif. Tun daga ranar na ɗauki ɗaurin kayan ruwa-ruwa a matsayin aiki mai zaman kansa, yanzu in wani a gidanmu zai tashi ta filin jirgin Bauchi da ke Durum ko na Gombe da ke Lawanti ni ake kira in zo in ɗaure.

Abu uku ne suke haɗuwa su cuci kwalba a tafiyar jirgi, in ka gane su sauran duk mai sauƙi ne. Akwai iska. In jirgi ya lula sama, matsin iskar da ke cikinsa, har da ƙasa inda ake zuba akwatuna, yana raguwa ya koma kamar kana kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Iskar da ka rufe a cikin gora a nan Bauchi sai ta nemi kumbura, tana iya ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, to ina zata je? Sai ta tura abin da ke gabanta ta bakin murfi. In kana so ka gani da idonka, kasha rabin ruwan gora a sama ka rufe, in an sauka zakaga gorar ta lotse kamar an matse ta. Sai jifa, don masu lodi ba ƙwai suke ɗauka ba, akwatinka za'a wurga shi a kan bel, a ɗora masa wasu biyar, ya kwanta ta ciki ya kwanta ta baya. Sai zafi, akwati yana iya yin awa guda a rana kafin a saka shi a jirgi, man shanun da ka ɗauko a daskare ya zama ruwa tsululu.

Amma kafin ka sayi ko salatif, fara tambaya: abin nan an yarda ya shiga kuwa?

A jakar hannu dai ka manta da zancen. Tun 2006 dokar tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa a yawancin filayen jirgi ita ce duk abu mai ruwa kar mazubinsa ya wuce mililita 100, kuma duk su shiga leda ɗaya mai gani-har-hanji wadda bata wuce lita ɗaya ba. Zuma, man shafawa, man kaɗanya, duk a ruwa suke lissafa su. Wani zai ce maka ai shi ya taɓa wucewa da babbar gora a jirgin cikin gida, to sa'a yayi, kar ka ɗora tafiyarka a kan sa'ar wani. Babban akwatin da ake aunawa a karɓa shi ne wurinsu.

Sannan ƙasar da zaka. In Ingila ka nufa daga Najeriya, nama da duk abin da aka yi da madara basa shiga, kenan kilishi da dambun nama da man shanu ka barsu a gida, duk iya ɗaurinka a kwandon shara zasu ƙare. Zuma an yarda amma kar ta wuce kilo 2 ga mutum ɗaya, haka ma ƙasashen Tarayyar Turai. Amurka kuma duk abin ci da ka ɗauko sai ka faɗa a takardar shiga, ɓoyewar ita ce babban laifin. Saudiyya kuwa duk shekara hukumar alhazai sai ta ja kunne a kan goro, amma duk shekara sai an samu mai kunnen ƙashi. Manja da man gyaɗa kamfanin jirgin zaka tambaya kai tsaye, wasu suna karɓa in ɗaurin yayi, wasu ko kallonsa basa yi.

Turare nasa daban ne saboda yana kama wuta. Ƙa'idar da kamfanonin jirage ke bi ita ce turare da sauran kayan fesawa na jiki kowace kwalba kar ta wuce rabin lita, kuma jimillarsu kar ta wuce lita 2 ga fasinja ɗaya. Hajiyoyi masu sarin humra ku lura da wannan, don in aka buɗe akwati aka ga jarka guda ta humra ba ruwansu da cewa ta amarya ce. Zamzam kuma kar ka sake ka zuba shi a gora ka ɓoye cikin akwati, hukumomin Saudiyya sun hana, in na'ura ta gano za'a buɗe akwatin a cire, wani lokacin ma akwatin ya makara bai biyo jirginka ba. Akwai mai lita 5 da aka riga aka ɗaure musamman don jirgi, alhazanmu kuma a gida ake raba musu nasu.

Wani abokin aikina ɗan Bogoro ya taɓa tambayata dokar kwalbar ruwan inabi da aka bashi tsaraba a waje. Ni dai ba na sha ba na ɗauka, amma dokar a bayyane take: abin da ƙarfin barasarsa bai wuce kashi 24 cikin ɗari ba, dokar kayan haɗari bata ƙayyade shi ba sai dai nauyi da kwastam, daga sama da 24 zuwa 70 lita 5 ne iyaka kuma a kwalbarsa ta kanti, sama da 70 baya hawa jirgi kwata-kwata. Saudiyya kam ko ɗigo haramun ne shiga da shi, nan gida ma ya san jihar da yake zaune tun da aka kawo shari'a. Ɗaurin kwalbar dai iri ɗaya ne da na kowace kwalba.

Lissafin nauyi ma yi shi tun a gida. Zuma tana da nauyin tsiya, lita ɗaya tana kai kusan kilo ɗaya da giram 400, kenan galan mai lita 5 ya cinye maka kilo 7 kafin ka saka ko singileti. Mai ya fi sauƙi, lita ɗaya bata cika kilo ba. Yawancin tikitin waje kilo 23 ne kowane akwati, kuma ko zaka biya ƙari ba'a karɓar akwati ɗaya da ya wuce kilo 32. Na cikin gida kuma sau da yawa bai kai na waje ba, to in daga Bauchi ko Gombe zaka fara zuwa Abuja sannan ka canza jirgi, ƙaramin shi zaka duba a tikitinka, in ba haka ba tun a matakin farko zaka fara zare kuɗi.

To yanzu aikin kansa. Kayan da zaka tanada duk ana samu a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a nan Bauchi: farar leda mai kauri irin ta ƙulla kunu, ledar nan mai laushi ta naɗe abinci, babban salatif na kwali, baƙin salatif na masu wayarin, famfas na yara guda uku ko huɗu, tsofaffin safa, tawul, da maka ta rubutu.

Fara da mazubi, don nan ne ni na faɗi. Gorar ruwan sha da aka riga aka buɗe ita ce mafi muni, robarta sirirya ce, murfinta gajere ne, an yi shi ne a buɗe sau ɗaya a yar. Gorar lemo mai gas ta fi ta nesa ba kusa ba, don dama an yi ta ne ta riƙe matsi, robarta da kauri murfinta da zurfi, ka wanke ta tas ka kife ta ta bushe sarai, in da sauran ruwa a ciki zai lalata maka zuma. Man shanu da man kaɗanya kuma roba mai faɗin baki mai murfin murɗawa, banda irin wadda ake dannawa ta rufe, wannan da an ɗora mata nauyi take buɗe baki. Kwalbar gilashi in ba dole ba ka juye a roba. Turare ne kawai zan ce ka barshi a gilashinsa, don wani turaren mai yana cin roba kuma ƙamshin yana canzawa. Kuma gora ƙanana uku sun fi babba ɗaya, in ɗaya ta ci amanarka biyu sun tsira.

Wajen cikawa mutane suna kuskure ta gefe biyu. Wani ya cika fal har baki, zafi ya bugi man ya ƙaru ya rasa wurin zuwa. Wani kuma ya bar rabin gora iska, alhali yawan iskar shi ne yawan abin da zata turo waje. Ka bar kamar faɗin yatsa biyu a sama. In gorar mai laushi ce, ɗan matsa cikinta har abin ya taso kusa da baki sannan ka rufe tana a matse, ka ga ka bar mata wurin da zata kumbura kenan ba tare da ta takura wa murfi ba.

Sai rufe baki, nan nake so ka nutsu. Goge bakin gorar da zaren murfin da tsumma mai ɗan ɗumi har sai ba maiƙo ba danƙo, don salatif baya kama wuri mai mai. Yanko leda kamar faɗin tafin hannu, ninka biyu, shimfiɗa a bakin gorar, sannan ka murɗa murfin a kanta har ya tsaya. Ka ɗaure da kyau amma banda ƙarfin dambe, in ka wuce gona da iri zaren yana tsallakewa ya koma sako-sako. Ledar da ta leƙo ta gefe ka kwantar da ita a wuyan gorar, ka ɗauko baƙin salatif ka naɗe daga wuya zuwa murfi kana ja yana miƙewa, zagaye biyar ko shida. Kuma ka naɗa ta ɓangaren da murfin yake ɗauruwa, wato ta hannun dama, in ka naɗa ta hagu kai da kanka kake kwance shi a hankali. Kwalbar turare mai fesawa ka tabbata hularta tana kai ka manne ta da salatif, in ta ɓata ka naɗe kan da takarda mai kauri yadda ba abin da zai danna shi. Mai tsinken gilashi ko mai toshiya kuwa, irin na turaren mai, wannan sai ka bi ta sama ka zagayo ta gindi da salatif, sau biyu a gicciye.

Daga nan gwaji, kuma shi yasa nake cewa kar ka bari sai daren tafiya. Kife gorar a kan farar takarda, matsa ta da hannu biyu, sannan ka barta a kwance ta kwana. Da safe in kaga ko ɗigo ɗaya, kwance ka sake daga farko ko ka canza gora. Wanda ya ɗiga a tsakar ɗakinka ba abin da ya taɓa shi, me kake tsammani a sama?

In ta ci jarrabawa sai ka yi mata shiri kamar ka san zata zuba. Naɗe ta da ledar naɗe abinci tun daga kai har gindi. Buɗe famfas ka rungume ta da shi, ɓangaren da ke shan ruwa yana ciki, kan gorar yana tsakiya, ka manne da maɗaurinsa. Kar kaji kunya, famfas ɗaya yana shanye abin da tawul zai bari ya wuce, duk da dai ya fi ƙwarewa a abu mai ruwa-ruwa irin turare fiye da mai kauri irin zuma. Sai ka saka a leda mai kauri, fitar da iska, murɗe bakin ka ƙulle. Leda ta biyu kuma ka shigar da ita ta kai, wato ƙullin farko ya koma gindin ta biyu, yadda ko abu ya fito sai yayi doguwar tafiya kafin ya samu ƙofa. Kowace gora da nata ɗaurin, kar ka haɗa uku a leda ɗaya. Ka rubuta sunan abin a jiki da Turanci da manyan baƙi, zai rage maka surutu a gaban jami'ai.

Gilashi yana buƙatar ƙarin gata. Zura kowace kwalba a safa biyu, ka fi kula da wuya don nan ne take karyewa, sannan ka naɗe da riga ko tawul har sai in ka ƙwanƙwasa da yatsa baka jin taurin gilashin. Gilashi kar ya taɓa gilashi ko ta wane hali. In ƙananan kwalabe ne da yawa, samo roba mai murfi irin ta ajiye abinci ka jera su ciki ka cike tsakaninsu da auduga ko tsumma, ko kuma ka zura su cikin takalmi sau-ciki, wannan dabarar bata taɓa bani kunya ba. Manja kuwa duk abin da na faɗa ka yi, sannan ka ƙara saka shi cikin ƙaramin bokiti mai murfi ka naɗe bokitin, don shi in ya zuba ba wanki ba gyara.

Akwatin kansa mai tauri ya fi. Jakar gana-mas-go bata kare komai, ga shi ma wasu kamfanonin sun daina karɓarta. Shimfiɗa kaya masu laushi a ƙasa kamar kaurin tafin hannu, har su rufe ƙarafunan nan biyu na hannun ja, don su ne ke fasa kwalba in an buga akwati da ƙasa. Gorunan su zauna a tsakiya, kan su yana kallon wajen hannun akwati yadda in an tsayar da shi a kan taya suna tsaye, kuma ko ta wane gefe akwai tufafi tsakaninsu da bango. Takalma da wanduna masu kauri su zagaye gefe. Duk wani rami ka toshe shi da safa ko ɗankwali. In ka rufe, ɗaga akwatin ka girgiza kusa da kunnenka, in kaji wani abu yana kai da kawowa buɗe ka ƙara cusa kaya.

Kayanka na fita kunya, shadda ko leshi ko takardu, su ma ka saka su a tasu ledar daban, don ba naka kaɗai ne zai iya zuba ba, akwatin wani yana iya tsiyaya a kan naka. Sannan turare da abinci kar su kwana akwati ɗaya in da hali. Na taɓa kai garin kunu da yaji da aka haɗa su da humra, ba abin da ya zuba, amma wata guda ana shan kunu mai ƙamshin ɗakin amarya. Daddawa kuma ita ce ke yin akasin haka, ta bi atamfa ta zauna.

Akwai masu cewa a saka mai a firiza ya daskare kafin tafiya. Yana taimakawa ga man shanu da manja in tafiyar gajera ce, amma ba ya maye gurbin ɗauri, kafin ka gama zaman jira a Abuja ya narke, kuma gorar tana yin gumi ta jiƙa abin da ke kusa. In zaka yi, ka gama rufe baki da salatif tukun kafin ka saka a firiza, in ka fito da ita ka naɗe da tawul.

Wasu abubuwan kam ba ɗaurin da zai cece su. Kunun aya, zoɓo, fura da nono, kunun zaƙi, duk abin da yake tsami yana tashi, gas yake haifarwa a cikin gora tun kafin jirgi ya tashi. Haka zumar da aka ɗebo bata nuna ba, in kaga tana kumfa a sama ko ka buɗe kaji ta yi tsit kamar lemo, barta a gida. Lemon gwangwani da maltina suna jure matsin, abin da ke kashe su shi ne lotsewa ko wani abu mai tsini ya huda su, to su ma leda da safa.

A filin jirgi ka je da wuri, kuma ka riƙe ragowar salatif da leda biyu a jakar hannu, banda almakashi ko reza. Ana iya cewa ka buɗe, kwastam ko 'yan NDLEA ko masu duba kayan gona, in sun ce me ye wannan faɗi gaskiya kai tsaye, in sun kwance ɗaya ka samu abin mayarwa. Saboda haka ma kar ka kai akwati wajen masu naɗe shi da leda sai an gama dubawa. Ɗauki hoton cikin akwatin kafin ka rufe da kuma wajensa. Zaka iya roƙon su manna maka takardar nan ta kaya masu fashewa, wani lokacin su sa ka sa hannu cewa in ya fashe ba ruwansu, ni dai ina karɓa amma ban taɓa dogara da ita ba. Fawa bank kuma cire shi daga babban akwati, a jakar hannu ake yarda da shi. Sai maganar saƙo: gorar da baka ga lokacin da aka zuba abin da ke ciki ba, ko wa ya baka, ko a buɗe a gabanka ko ka bada haƙuri. Mutane sun shiga ɗaurin da basu san hawa ba basu san sauka ba ta wannan hanyar.

In kun sauka, shafa akwatin tun a wajen bel. In ya fashe ko ya tsage, kar ka fita, nemi teburin kamfanin ka cike fom ɗin da suke kira PIR, ka riƙe ɗan stikan da aka manna maka a tikiti. A tafiyar ƙasa da ƙasa, yarjejeniyar Montreal ta 1999 kwana 7 ta baka ka kai ƙorafin lalacewar kaya a rubuce. Amma in akwatin lafiyarsa ƙalau gorarka ce ta zuba a ciki, da wuya ka samu ko sisi, zasu ce ɗaurinka ne.

A masauki ka buɗe akwatin a kan tayil, ba kan katifa ko kafet ɗin mutane ba. Tsayar da gorunan su huta kamar awa ɗaya, sannan ka kwance su a cikin faranti ko baho, ka murɗa murfin a hankali iskar ta fita tukun. In tsautsayi ya riga ya faɗa, zuma ruwan ɗumi kawai take so, jiƙa kayan ka barsu ta narke da kanta kar ka cuɗa. Mai kuma ka fara barbaɗa masa hoda ko garin sitaci ya tsotse, ka kakkaɓe, sannan sabulun wanke-wanke kafin ruwa ya taɓa wurin. Shaddar nan tawa ta fita tas a wanki na biyu, sai dai ƙyallin ya tafi, da na dawo Bauchi sai da na kai ta wajen masu bugu aka sa mata sitaci aka sake buge ta.